Fanbel Mai Ihu Da Saurin Cinyewa A Tsohuwar Babbar Mota: Tambayoyi Da Amsoshi

Tambayoyin nan su ne masu tsofaffin manyan motoci da a-kori-kura suka fi maimaitawa game da fanbel ɗin da ke ƙara, ko yake cinyewa tun bai je ko'ina ba. Wanda ya riga ya canza fanbel sau biyu ko uku ba a dace ba, ya tsallaka kai tsaye zuwa ta 7 da ta 8, domin galibi a can matsalarsa take.

1. Wane aiki fanbel yake yi? Shi ne tayimin bel?

Ba shi ba ne. Fanbel a waje yake, da ka ɗaga bonet za ka gan shi. Yana karɓar juyi daga fulin karanshaf, wato babban faifan ƙarfen da fanbel ke hawa, wanda ke ƙasa a gaban inji, ya raba wa altaneta mai cajin batir, famfon ruwa, fanka, famfon fawa sitiyari, da kwamfreson na'urar sanyaya mota idan akwai. Tayimin bel kuwa a rufe yake, yana da haƙora, kuma aikinsa haɗa karanshaf da kamshaf. Manyan motoci da yawa ma ba su da shi, sarƙa ce ko haƙoran ƙarfe ke yi musu wannan aikin.

2. Fanbel iri nawa ne?

Biyu ne za ka fi tararwa. Akwai na da, wanda idan ka yanka shi za ka ga siffar V, sama faɗi ƙasa a tsuke. Da gefunansa biyu yake kama fuli, ba da ƙasansa ba, kuma ka riƙe wannan don za a dawo kansa a ta 8. Tsohuwar mota takan zo da biyu ko uku irinsa, kowanne da abin da yake juyawa.

Na biyu faffaɗa ne mai layuka a ciki, bayansa sumul, sau da yawa guda ɗaya ke zagaye komai. Ford Mustang ta 1979 ce aka fi ambata a matsayin motar da ta fara fitowa da wannan tsari. Mai layuka ya fi ɗaukar nauyi, amma ba ya yafe karkata ko kaɗan. Na V yana da ɗan haƙuri da karkata, sai dai yana son a riƙa duba ɗaurinsa.

3. Ƙarar da nake ji, me take nufi?

Ka kasa kunne da kyau, don ba iri ɗaya ba ce. Idan doguwa ce mai tsini, "ƙiiiii", tana tashi lokacin da ka tayar da inji, ko ka taka totur, ko ka murɗa sitiyari har ƙarshe, to santsi ne: fanbel yana zamewa a kan fuli. Idan kuwa gajeriya ce mai maimaituwa, "cik-cik-cik", ta fi fitowa a silo, wato inji na aiki ba a taka totur ba, tana ƙara sauri idan inji ya ƙara, wannan yawanci karkata ce, fuli ɗaya ya kauce wa layin 'yan'uwansa. Gurnani ko "ƙurrr" na ƙarfe kan ƙarfe ba muryar fanbel ba ce, boris ne ke kuka, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da fuli ke juyawa a kansa.

4. Akwai gwajin da zan yi da kaina kafin in je wurin bakanike?

Akwai, kuma ruwa kawai yake buƙata. Zuba ruwa zalla a kwalbar feshi, ka bar inji yana silo, ka fesa kaɗan a cikin fanbel daf da inda zai hau fuli. Ƙara ta ƙaru, to ɗauri ne bai isa ba, duba ta 5 da ta 10. Ta ɗauke na 'yan daƙiƙu sannan ta dawo, karkata ce, duba ta 7. Ba ta canza ba sam, zargi boris. Gwajin ya fi faɗin gaskiya a kan fanbel mai layuka. Ka tsaya daga gefe, ka naɗe hannun riga, kada wani tsumma ya yi reto kusa da fanka.

Sannan ka kashe inji, ka cire fanbel, ka juya kowane fuli da hannu. Mai lafiya yana juyawa sumul ba sauti. Wanda ka ji kamar da yashi a cikinsa, ko ya cije, ko ka kama shi ka girgiza ya yi motsi, boris ɗinsa ya tafi. Idan inji a sanyi yake, za ka iya tayar da shi ba fanbel na minti ɗaya, kada ya wuce haka, tunda famfon ruwa ba ya juyawa. Ƙarar ta ci gaba? To ba a layin fanbel take ba, ka nema a wani wuri.

5. Yaya ɗaurin fanbel ya kamata ya kasance?

Littafin motarka shi ne alƙali. Idan babu shi, ma'aunin da aka saba da shi ga na V shi ne: ka nemi tazara mafi tsawo tsakanin fuli biyu, ka danna tsakiya da ƙarfin da ya kai kilo 10, fanbel ya lotsa kamar milimita 10 zuwa 13. Ka ɗora rula a kan fulin biyu ka auna lotsawar, kada ka bar wa ido. Sabo akan ɗaure shi ya ɗan fi haka, tunda zai saki.

Mai layuka ya fi son ɗauri, kuma babban yatsa yana yaudara a kansa ƙwarai. Idan motarka ba ta da tenshona mai sifirin, wato ɗan fulin da ke danne fanbel ya riƙe ɗaurinsa da kansa, ya fi a auna da ma'aunin ɗaurin bel.

6. Na ƙara ɗaure shi ya yi shiru, bayan kwana kaɗan ya dawo. In ƙara ɗaurewa?

A'a. Sabon fanbel yakan zauna cikin fuli bayan aikin farko, don haka sake ɗaure shi sau ɗaya daidai ne. Amma wanda kullum sai an ja shi, ba miƙewa yake yi ba. Ko dai gefunansa ne ke cinyewa yana ƙara nutsewa cikin fuli, ko kuma altaneta ce ke zamewa tana dawowa baya. Raba gardamar ba wuya: ka ɗiga fenti a inda boltin ɗauri ya tsaya a kan biraket, ka duba bayan mako. Alamar ta gusa, laifin bolti ne ko wosha. Tana nan daram amma fanbel ya saki, cin sa ake yi, ka nemi mai cin.

Masu sa dogon ƙarfe su banƙare altaneta har fanbel ya yi tauri kamar sanda suna samun shirun da suke so, amma nauyin duk yana komawa kan boris ɗin famfon ruwa da na altaneta. Ba a jimawa sai ka ga ruwa yana ɗiga daga ɗan ramin da ke ƙarƙashin famfon, ko altaneta ta fara gurnani. Garin neman gira a rasa ido ke nan.

7. Yaya zan gane fuli ya karkace, kuma me ke kawo haka?

Karkata iri biyu ce. Ko dai fulin yana tsaye daidai amma ya yi gaba ko baya da layin sauran, ko kuma ya sunkuya, fuskarsa tana kallon gefe. A cire fanbel, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin karanshaf a miƙa shi zuwa wanda ake zargi. Wani tarko a nan: kaurin leɓen fuli ba ɗaya ba ne, don haka ka auna daga ƙarfen zuwa tsakiyar kwarin kowane fuli, ba zuwa leɓensa ba. Ga na V akwai dabara mai sauƙi: kwantar da siririn miƙaƙƙen rodi cikin kwarin fuli ɗaya, ka ga ko ɗaya bakin zai faɗa cikin kwarin na gaba ba tare da ka tura shi ba. Kada ka raina abin da ka gani. Kaucewar milimita 5 a tazarar santimita 30 ta kusa kai digiri ɗaya, kuma ga mai layuka wannan ya isa ya sa shi ƙara ya cinye gefensa.

A tsohuwar mota dalilan suna da yawa, don hannaye da yawa sun taɓa ta. An saka altaneta ta wata mota wadda fulinta ya fi fitowa. An cire famfon sitiyari an mayar, an manta wosha ko ɗan bututun da ke tsakani. An saka sabon famfon ruwa wanda wuyansa bai kai na asali tsawo ba. Fulin fawa sitiyari a motoci da yawa matsa shi ake yi a kan sandarsa, ba noti, to idan ba a tura shi ya kai gurbinsa ba, sauran milimita biyu ko uku ɗin nan su ne ciwon. Wanda ya fi ɓuya kuwa shi ne ramin boltin da altaneta ke lilo a kansa. Shekaru na jijjiga sukan mai da shi ƙwai maimakon da'ira. Idan ba fanbel komai zai yi kamar daidai, da an ɗaure sai altaneta ta sunkuyo. Saboda haka ka auna sau biyu, a sake da kuma a ɗaure. Ka haska fitila ka bi biraket ɗin kaf, tsaga takan ɓuya a ƙarƙashin dattin mai.

Gyaran ya danganta da abin da ka samu. Gaba ko baya ana daidaita shi da wosha masu kauri ɗaya a duk ƙafafun. Ramin da ya buɗe a saka masa bushi, ko a cike da walda a sake hudawa. Fulin da ya lanƙwashe, wanda kake ganin yana rawa idan inji na silo, canza shi ake yi. Buga shi da guduma ba ya dawo da shi.

8. Ashe fuli ma yana cinyewa? Ƙarfe ne fa.

Yana cinyewa sosai. Ƙura da yashi suna shiga tsakanin roba da ƙarfe, shekara da shekaru suna goga. Bangon kwarin da ya kamata ya zama miƙaƙƙe sai ya yi lotsawa, sabon fanbel ya rasa inda zai manne gaba ɗaya. Leƙa cikin kwarin: idan can ƙasan yana sheƙi, fanbel ya nutse har yana taka ƙasa, gefunansa sun daina kamawa. Irin wannan ko sau goma ka canza fanbel, ihun yana nan. Sabon fanbel da ya dace yakan zauna daidai da leɓen fuli ko ya ɗan fito sama kaɗan. Ka ga ya shige ciki, ko fulin ya buɗe ko fanbel ɗin ya yi siriri, duba ta 14.

Sai tsatsa, musamman a motar da ta daɗe a ajiye. Inda fanbel bai rufe ba yakan yi tsatsa ya yi kaushi, da an tayar da inji sai ya riƙa kankare robar. Alamarsa baƙar ƙura mai laushi da ke taruwa a gaban altaneta da kan biraket. Shafa yatsa, idan ya fito baƙi ƙirin da garin roba, ka ga fanbel ɗinka ke nan. Burushin ƙarfe da samfefa mai laushi suna gyara tsatsar sama. Wanda ta riga ta yi masa ramuka sai canji. Fuli mai layuka kuma a bi kowane layi da tsinken ƙarfe a fitar da dattin da ya daskare da ƙananan duwatsu.

9. Tsohon fanbel zai iya nuna mini inda matsalar take?

Ƙwarai, kada ka yar da shi sai ka karanta shi. Gefe ɗaya ya cinye ko zare ya fito a gefe ɗaya: karkata. Gefuna biyu sun yi sheƙi sun yi tauri: ya daɗe yana santsi yana ƙonewa. Roba ta kumbura ta yi laushi tana danƙo: mai ne ya jiƙa shi. Ƙasan na V ya goge: yana taka ƙasan fuli. Layi ɗaya na mai layuka ya yage tun daga farko har ƙarshe: an ɗora shi ya tsallake layi, ko fuli ya ture shi. Bayansa ya kankare: yana gogar wani abu, ko fulin da ke danna bayansa ya cije.

10. Motata tana da tenshona mai sifirin. Ba shi ke nan ba ruwana da ɗauri?

Shi ma yana tsufa. Da inji na silo ka kalli hannunsa. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, amma idan yana tsalle yana karkarwa, abin da ke danne jijjigarsa a ciki ya ƙare. Kashe inji, sa sifana ka ja shi daga farko zuwa ƙarshe. Ya kamata ka ji ƙarfi iri ɗaya ba cijewa, kuma ya koma da kansa. Duba shi ta gefe: idan hannun ya sunkuya, ko fanbel yana tafiya a bakin fulinsa maimakon tsakiya, bushinsa ya cinye, ya zama shi ne mai kawo karkatar. Yawancinsu suna da alamomi a jiki da ke nuna iyakar aikinsu. Alamar ta fita waje da sabon fanbel, to tsawon fanbel ɗin ba daidai ba ne. A mota mai shekaru, canza fanbel a bar tenshonan da ta fito da shi daga kamfani rabin aiki ne.

11. An ce mini fulin karanshaf ne matsalar. Ta yaya?

A injuna da yawa wannan fulin ƙarfe biyu ne, na ciki da na waje, da roba a tsakaninsu don shanye jijjigar karanshaf. Idan robar ta tsufa ko mai ya ci ta, zoben waje yakan gusa gaba ko baya, ko ya riƙa zamewa. Ja layi da alli ko fenti ya ratsa ƙarfen ciki, roba, da zoben waje. Yi tafiya ka dawo ka duba. Layin ya rabu biyu, fulin ya mutu, kuma kada a ja lokaci, don zoben zai iya ficewa ya fasa lagireto.

12. Feshin hana ƙara, sabulu ko ɗan mai, suna taimakawa?

Suna rufe baki na ɗan lokaci, shi ke nan. Baƙin mai, giris da man birki suna lalata roba. Feshin kuma danƙo ne da ke tara ƙura, kuma kamfanonin da ke yin fanbel ba sa son a sa shi a kan na zamani. Wanda mai ya riga ya jiƙa ba ya wankuwa, canza shi za a yi. Kafin nan a toshe inda man ke fitowa: sil ɗin gaban karanshaf, tiyon fawa sitiyari, ko gasket ɗin murfin saman inji. Ruwan lagireto ma yana sa santsi, don haka a duba tiyo da famfon ruwa. A wanke duk fulin su bushe kafin sabo ya hau.

13. Da safe kawai yake ihu, bayan minti ɗaya ya yi shiru. Matsala ce?

Gargaɗi ne. Tayar da inji yana zuƙe batir, to a 'yan daƙiƙun farko altaneta tana aiki iya ƙarfinta don ta mayar, juya ta yana yin nauyi, ga roba a sanyi, wataƙila ga raɓa. Fanbel da ɗaurinsa ke bakin iyaka a nan yake tonuwa. Batir mai rauni yana tsawaita wannan nauyin, don haka a gwada shi, a goge kawunansa. Idan inji na aiki, cajin mota mai volt 12 yakan tsaya tsakanin 13.5 da 14.5, mai volt 24 kuma ninkin haka.

Idan an ƙara wa motar fitilu da kaya aka saka babbar altaneta, a sani cewa fanbel na V guda ɗaya yakan fara gazawa a wajen amp 100. Maganin wannan fuli mai kwari biyu ne ko komawa mai layuka.

14. Yaya zan tabbatar na sayi wanda ya dace?

Karanta lambar. 6PK2240 na nufin layuka 6, tsawo milimita 2240. AVX10 da AVX13 na V ne masu faɗin milimita 10 da 13 a sama. Saka na 10 a fulin 13 shi ne hanya mafi sauri ta samun abin da aka bayyana a ta 8. Kada ka dogara da wanda ka cire kaɗai, mai yiwuwa shi ma kuskure ne aka gada. Tsawon da ya dace shi ne wanda, bayan an ɗaure, altaneta za ta tsaya wajen tsakiyar biraket, da sauran wurin ja. Bel ɗin injin niƙa ko na famfo yana iya shiga, amma ba a yi shi don ƙaramin fulin altaneta da zafin inji ba. Mai yanka-yanka a ciki ya fi lanƙwasuwa a ƙaramin fuli, kuma ya fi shan iska.

Inda biyu ke tafiya kafaɗa da kafaɗa a fuli ɗaya, tare ake canza su, kamfani ɗaya, lamba ɗaya. Ka haɗa sabo da tsoho, sabon ne zai ɗauki nauyin shi kaɗai, tsohon yana kaɗawa a banza.

15. Me zan kiyaye wajen saka sabo?

Ɗauki hoton yadda tsohon ya zagaya kafin ka cire. A mai layuka, cikinsa kan fuli mai layuka yake hawa, bayansa kan mai sumul. Kuskuren zagaye zai iya juya famfon ruwa baya, inji ya riƙa zafi ba a san dalili ba. Sassauta altaneta ko tenshona sosai fanbel ya shiga da hannu. Banƙara shi da sukudireba yana tsinka zaren ciki, ba za ka gani ba sai ranar da ya watse. Bi kowane fuli da yatsa ka tabbatar duk layukan sun zauna. Idan ɗaurin na hannu ne, bar inji ya yi aiki minti 10 zuwa 15, kashe, sake aunawa, sannan ka sake dubawa bayan 'yan kwanaki.

16. Ban ga tsagewa a jikinsa ba. Yana da sauran rai ke nan?

Ba lallai ba. Tsohon samfurin mai layuka, da ake yi da robar neoprene, tsagewa yake yi, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce tsaga uku a tsawon santimita 7 zuwa 8 na layi ɗaya ta isa a canza. Yakan yi kilomita 80,000 zuwa 100,000. Daga wajen shekarar 2000 aka koma robar EPDM, wadda kan kai kilomita 150,000 ko fiye, kuma ba ta cika tsagewa ba. Layukanta ne ke sirancewa a hankali har su daina kama fuli, ana ganin fanbel kamar sabo alhali ya ƙare. Akwai ɗan ma'aunin roba da ake kwantarwa cikin layin: ya nutse ya ɓace, lokaci ya yi. Ƙura, zafi da kaya masu nauyi suna rage waɗannan alƙaluman, amma fanbel da ya ƙare cikin wata biyu ko uku ba tsufa ne ya kashe shi ba, koma ta 7 zuwa ta 12.

17. Idan ya tsinke a hanya fa?

Fitilar batir za ta kama, sitiyari ya yi nauyi nan take idan na fawa ne. Idan wannan fanbel ɗin ne ke juya famfon ruwa, inji zai yi zafi cikin 'yan mintuna, don haka ka sauka gefe ka kashe, kada ka ce bari in ƙarasa. A wasu motocin dizal famfon da ke sauƙaƙa taka birki a bayan altaneta yake, to bayan taku biyu ko uku birki zai yi tauri, sai ka taka da ƙarfi sosai. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi.

Kafin ka ɗora wanda ka ajiye a mota, tsince guntayen roba da zaren da suka naɗe a bayan fulin karanshaf, don suna iya cin sil. Sannan ka juya kowane fuli da hannu kamar yadda aka faɗa a ta 4. Idan altaneta ko kwamfreso ne ya cije ya tsinka na farko, na biyun ma ba zai yi minti biyar ba.